Feret da Gubar Ƙwari a Gidajen Turawa

Daga cikin dabbobin da mutanen Turai suka hore wa kansu tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, akwai wani da suke kira feret, wanda ba mu da shi a ƙasashenmu, ko da yake danginsa ba baƙi ba ne gare mu, gama masana halittu sun lissafa shi cikin zuriya ɗaya da bodari da dage. Jikinsa dogo ne siriri, ƙafafunsa gajeru, nauyinsa bai cika wuce kilo biyu ba ko ga ƙaton namiji, kuma Allah ya yi masa wata baiwa, watau duk ramin da kansa ya shiga, to, sauran jikin ma sai ya bi. Saboda wannan baiwa ce aka ɗauko kakanninsa daga daji, shekara wajen 2,500 da suka shige, ba don sha'awa ba, ba kuwa don nama ba, sai don ya zama makami a kan masu yi wa ɗan Adam ɓarna a gona da rumbu. Yau kuwa, idan masu kiwonsa a Ingila ko Amurka suka je gaban likitan dabbobi, ɗaya daga cikin mas'alolin da ke damunsu ita ce yadda za su kashe ƙuma da kyankyaso da tururuwa a ɗakunansu ba tare da sun haɗa da shi ba. Wannan juyi ba a fahimtarsa sai an bi labari biyu tare, na dabbar da na gubar, waɗanda suka yi ƙarnoni kowanne yana tafiya a hanyarsa kafin su gamu a ɗaki ɗaya.

Strabo, Bayunanen nan masanin ƙasashe wanda ya yi zamani da Kaisar Agustus, ya ba da labarin wata musiba ta zomaye a ƙasar da Larabawa suka kira Andalus daga baya, da kuma tsibiran Baliyar da ke gabas da ita, inda suka yawaita har suna cinye shuka tun daga saiwa, suna kayar da itatuwa da gidaje saboda ramukan da suke ginawa a ƙarƙashi. Pliny Babba kuma ya ƙara da cewa mutanen tsibiran sun kai kuka ga Kaisar ya taimake su da soja. Ɗaya daga cikin magungunan da suka samu, in ji Strabo, wata 'yar dabba ce da ake kawowa daga arewacin Afirka, a sa mata takunkumi a tura ta rami. Tun daga wancan zamani sana'ar ba ta sāke ba sai kaɗan. Mafarauci ya zo da sassafe cikin sanyi, ya bi bakin ramuka ɗaya bayan ɗaya yana shimfiɗa wa kowanne 'yar raga mai zarge, sa'an nan ya ciro feret daga jaka ya ajiye shi a bakin ɗaya, kowa ya yi tsit. Can sai a ji ƙasa tana dukan-dukan, zomaye ne ke buga ƙafa don gargaɗin 'yan'uwansu, kafin ka ce kwabo ɗaya ya fito a guje ya faɗa raga ta zarge shi. Ranar da ba a yi sa'a ba kuwa, feret ya kashe zomo a can ciki, ya ci ya ƙoshi ya yi kwanciyarsa, mai shi ya wuni da shebur yana haƙa yana mita. Don haka ne suke rataya masa ƙararrawa, suka kuma fi son fari a kan mai duhu, domin a hango shi in ya ɓullo ta wani ramin.

A Ingila, inda kiwon zomo ya kafu bayan zuwan Normawa, ramukan zomaye dukiya ce ta sarakuna da manyan limaman kirista, feret kuma shi ne mabuɗinta, saboda haka shari'a ba ta ƙyale shi a hannun kowa ba. A 1390, zamanin Sarki Richard na Biyu, shekara tara bayan tawayen talakawa na 1381, majalisa ta zartar da doka cewa duk wanda ƙasarsa ba ta kawo masa sule 40 a shekara, ba shi da izinin farauta da feret ko karen farauta ko raga, wanda ya saɓa kuwa ɗaurin shekara guda ne. Hujjar da suka kafa ita ce wai leburori suna barin ibada ranar idi su tafi farauta, can kuma su ƙulla makirci. Mai karatu ya auna da kansa ko tsoron Allah ne ya motsa masu dokar ko tsoron zomayensu.

A duk tsawon wannan zamani, yaƙin da ake yi da ƙwari a cikin ɗaki wani yaƙi ne dabam, kuma mata ne mayaƙansa. Wajen 1393 wani dattijo mai wadata a birnin Faris ya rubuta wa amaryarsa, yarinya 'yar shekara 15, littafin nasiha a kan riƙon gida, wanda ake kira Le Ménagier de Paris, a ciki kuwa ya tsaya sosai a kan ƙuma, domin a ganinsa mijin da ƙuma ta hana shi barci ba ya daɗewa bai nemi wani wurin kwana ba. Ya ce a barbaza ganyen wata itaciya a ƙasa ƙuma ta maƙale. A shafa wa yankan gurasa danƙo a kafa kyandir a tsakiya da dare, haske ya jawo su su liƙe. A shimfiɗa fatar tunkiya ko farin bargo, in sun shiga a naɗe a fita da shi, gama baƙin abu ba ya ɓuya a kan fari. A tusa shimfiɗa cikin akwati a matse, babu haske babu iska, har su mutu. Wanda ya dubi waɗannan dabaru da idon basira zai ga babu guba a cikinsu ko ɗaya, sai tarko da haƙuri da yawan wahala.

Guba ta shigo ɗakin kwana ne ta dalilin kuɗin cizo, wanda ya addabi Landan tun daga ƙarni na 17, sa'ad da birni ya cika, gadajen katako masu labule suka yawaita, ana kuma cinikin tsofaffin kayan ɗaki daga hannu zuwa hannu. A 1730 wani mutum mai suna John Southall ya wallafa ɗan littafi a kan wannan ƙwaro kaɗai, bayan ya yi kiwonsa yana lura da yadda yake ƙwai da girma, kuma ya sayar da wani ruwan magani wanda ya ce wani tsoho baƙar fata ne ya koya masa a Jamaika, amma ya ɓoye sirrin haɗinsa. Waɗanda ba su da kuɗin Southall sai su kwance gado su shafa wa gaɓoɓinsa zaiba da aka kaɗa da farin ƙwai, ko ruwan arsenik, ko su toshe ƙofa da taga su ƙona farar wuta. Henry Mayhew, wanda littafinsa a kan talakawan Landan da sana'o'insu ya fara fitowa a 1851, ya zanta da mutum biyu da suka shafi labarinmu. Ɗaya shi ne Tiffin, mai kashe wa Sarauniya kuɗin cizo, wanda ya ce gidansu na kan sana'ar tun 1695, kuma aikinsa yarjejeniya ce ta shekara-shekara da manyan gidaje, yana zagayawa yana duba gadaje tun kafin abu ya yi yawa. Ɗayan kuwa Jack Black ne, mai kiran kansa mai kama wa Sarauniya Biktoriya ɓeraye, mai ɗamara da siffofin ɓeraye na ƙarfe a jikinta, wanda feret da karnuka ne kayan aikinsa: a tura feret ƙarƙashin daɓen katako, ɓeraye su fito, karnuka da raga su tare su.

Waɗannan mutum biyu suna shiga gida ɗaya, amma kayan aikinsu ba sa haɗuwa, kuma a nan ne asirin zaman lafiyar wancan zamani yake. Gubar Tiffin, duk da muninta, da gashin tsuntsu ko buroshi ake shafa ta a cikin tsagar katako, a nan take zama. Feret kuwa a akurkinsa yake kwana a bayan gida, ba ya shiga ɗaki sai ranar aiki. Ƙumar da yake kwasowa daga ramin zomo da kaskar da ke kama shi a ciyawa, maganinsu a wurin masu shi bai wuce a ƙone tsohuwar ciyawar shimfiɗa a zuba sabuwa ba, a shafe akurki da farar ƙasa, in kuma ƙazwa ta kama masa ƙafa a shafa farar wuta da kitse.

Ana cikin haka sai ga wani magani daga gabas wanda ya fi duk na baya sauƙi. Mutanen Farisa da na duwatsun Kafkas sun daɗe da sanin wani fure wanda in aka shanya shi aka niƙa, garinsa yana kayar da ƙuma da kwarkwata nan take, alhali mutum yana kwana a kansa ba abin da ya same shi. Wani Bajamushe, Johann Zacherl, ya ga ana amfani da shi a Tiflis, ya shiga fataucinsa zuwa Biyana ta Ostiriya da sunan Zacherlin, ya yi arziki ƙwarai. Masana'antar da ɗansa ya sāke ginawa tsakanin 1888 da 1892 tana nan har yanzu, da ƙubba da hasumiyoyi biyu da fale-falen tangaran a bisa tsarin masallatan Isfahan, har baƙo kan tsaya yana zaton wurin salla ne, ga shi kuwa talla ce kawai ta garin kashe ƙuma. Wani irin furen da ya fi ƙarfi ya fito daga Dalmashiya, a gaɓar tekun Adriyatik, daga nan irinsa ya kai Japan, inda Ueyama Eiichiro ya gauraya garin da kayan turare ya yi sanda mai hayaƙi a 1890, matarsa kuma ta ba shi shawarar a naɗe sandar don ta kai tsawon dare, aka fara sayar da mai naɗin a 1902, watau wannan maganin sauro da ake kunnawa a kowane shago da ɗaki a ƙasashenmu. Daga 1928 aka soma nomansa a tsaunukan Kenya, har ta zama babbar mai sayar da shi a duniya. Sinadarin da ke cikin furen, fairetirin, jijiyoyin ƙwaro yake rikitawa, jikin dabba mai shayarwa kuwa yakan narkar da shi da sauri, hasken rana kuma yana lalata shi cikin ɗan lokaci. Wannan na ƙarshe shi 'yan kasuwa suka ɗauka aibi, suka yi ta neman maganin da ba ya gushewa. A ganina kuwa shi ne mafi girman falalarsa.

Sun sami abin da suke nema. A shekarun 1930, sa'ad da hukumomin Ingila ke rushe unguwannin talakawa suna mai da mutane sababbin gidaje, sai a loda kayan ɗakinsu a mota a rufe a busa musu iskar sayanaid don kada su ƙaura da kuɗin cizo, kuma haɗarin abin ya kai har majalisa ta yi masa doka ta musamman a 1937. Bayan shekara biyu, a 1939, Paul Müller na kamfanin Geigy a birnin Basel na Siwizalan ya gano cewa DDT, sinadarin da aka fara haɗawa tun 1874 ba wanda ya san amfaninsa, yana kashe ƙwari ko watanni bayan an fesa shi a bango. Ba daidai ba ne a raina alherin da aka samu gare shi: da shi aka tsayar da annobar taifus a Napoli a hunturun 1943 zuwa 1944 ta hanyar busa wa jama'a hodarsa a cikin tufafi, kuma a kan haka aka ba Müller kyautar Nobel a 1948. Amma da aka sake shi ga kowa a 1945, sai ya zama ana fesa shi a katifa da kicin da jikin kare, har aka yi takardar manna wa bangon ɗakin yara mai ɗauke da shi. Tsohuwar ƙa'idar Tiffin, ta a nemi ƙwaro inda yake a sa masa magani a nan, aka yar da ita, aka koma yi wa gida duka wanka da guba. Ƙwari ba su daɗe ba suka yi taurin kai: a 1946 aka ga ƙudajen da DDT ba ya kashewa a Suwidin, a 1947 aka ga irin haka ga kuɗin cizo a Hawai. Rachel Carson ta tona illarsa ga tsuntsaye da kifaye da dabbobin gida a littafinta na 1962, Amurka kuma ta hana amfani da shi a gona a 1972.

Shi kuwa feret, a cikin waɗannan shekaru ne ya rasa sana'o'insa duka biyu. Warfarin, wanda aka samo a jami'ar Wiskonsin ta hannun Karl Paul Link da almajiransa aka fitar da shi don ɓera a 1948, yana hana jini daskarewa, kuma da yake ba ya kisa sai bayan kwanaki, ɓera ba ya gane abin da ya cuce shi balle ya guje shi. Manomin da ya sami wannan a gwangwani me zai yi da mai feret da karnukansa? Sa'an nan a 1953 cutar miksomatosis ta ɓulla a Kent, cikin shekara biyu ta kashe kusan kashi 99 cikin ɗari na zomayen Birtaniya, mai yaɗa ta kuwa ba kowa ba ne illa ƙumar zomo. Aka bar feret a akurki ba aikin fari balle na baƙi. Waɗansu suka ci gaba da riƙe shi don al'ada, musamman ma'aikatan arewacin Ingila, amma sabuwar rayuwarsa a Amurka ta soma, inda tun daga shekarun 1970 da 1980 mutanen birni suka mai da shi dabbar ɗaki, ko da yake jihohin Kalifoniya da Hawai sun haramta riƙe shi har yau.

To, a nan labarin biyu suka gamu, kuma da a ce an tara malamai an ce su zaɓi dabbar da ta fi kowace rashin dacewa da gidan da aka fesa wa guba, da wuya su wuce wannan. Yana barci sa'a 14 zuwa 18 a yini, amma sauran sa'o'in ba ya barin lungu: bayan firiji, ƙarƙashin kabad, cikin kujera ta ƙasa, bakin bututun wanka, watau daidai wuraren da mai maganin ƙwari ke zaɓa don ya ɓoye maganinsa daga yara da karnuka. Cikinsa yana jan ƙasa, hancinsa yana kan daɓe inda feshi ke sauka, in ya gama kuma ya lashe jikinsa. Yana son tauna roba, akwatin gubar kyankyaso kuwa na roba ne, mai ƙamshin abinci, daidai bakinsa. Ga halin sata da ɓoyo, wanda Damiri ma ya ambata a Hayatul Hayawan game da ɗan'uwansa ibn irs, cewa yakan kwashe zinariya da azurfa ya kai raminsa. Saboda haka abin da aka ajiye a kicin ana iya samunsa bayan mako a cikin bargon da yake kwana, an huda shi da haƙori. Game da numfashinsa kuwa, likitoci sun san shi fiye da na yawancin dabbobi, domin a Mill Hill ta Landan, a 1933, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw suka fara kama ƙwayar cutar mura ta ɗan Adam ta hanyar feret, a 1936 kuma wani feret mara lafiya ya yi wa ɗaya daga cikin masu binciken atishawa a fuska ya mayar masa da cutar. Dabbar da ke ɗaukar murarmu mu ɗauki tata, hayaƙi da feshin da ke sa mu tari ba za su ƙyale ta ba, ga ta kuma da nauyin da bai kai na jariri sabon haihuwa ba.

Magungunan da suka maye gurbin DDT ba su zo masa da sauƙi ba. Daikulobos, wanda aka riƙa zubawa cikin roba ana yin abin wuyan kare da kyanwa da shi tun shekarun 1960, ko a rataya shi a ɗaki yana fitar da tururi a hankali, shi ne dai sinadarin da ke cikin fiya-fiyar da ake sayarwa a kasuwanninmu. Aikinsa ya hana jijiya hutawa, dabba ta yi ta dalalar miyau da zawo da karkarwa har numfashi ya tsaya. Birtaniya ta dakatar da sayar da shi don amfanin gida a 2002. A farkon shekarun 1970 kuma Michael Elliott da abokan aikinsa a Rothamsted suka ƙera famitirin da deltamitirin a bisa siffar sinadarin furen nan, amma masu jure rana, irin waɗanda ake jiƙa gidan sauro da su. Ga mutum da kare suna da sauƙi ƙwarai, amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa famitirin, har ɗigon da aka yi don bayan wuyan kare yakan jefa ta cikin farfaɗiya ta mutu. An gano hantar feret ma tana da nawa wajen narkar da waɗansu magunguna, kamar farasitamol, don haka likitoci suka yi ƙiyasi suka ɗora masa hukuncin kyanwa: duk abin da aka rubuta na kare ne, haramun ne a kansa. Gubar ɓera kuwa, wadda aka ƙara wa ƙarfi a shekarun 1970 bayan ɓeraye sun saba da warfarin, tana daɗewa a hanta, wanda ya ci ɓeran ma ya ci gubar. Wani bincike da aka buga a 2018 ya same ta a kashi 79 cikin ɗari na gawawwakin 'yan'uwan feret na daji da aka duba a Birtaniya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina nufin maganin ƙwari sharri ne tsantsa, domin akwai labarin da ke rushe wannan zato. A filayen yammacin Amurka akwai wani jinsi na daji, feret mai baƙin ƙafa, wanda abincinsa da makwancinsa duka a wurin wani irin kurege suke, mai zama a garuruwan ramuka. Makiyaya da hukuma suka yi shekaru suna zuba wa kuregen guba don ciyawa, har feret ɗin ya ɓace, aka yi zaton ya ƙare. A Satumba 1981 karen wani makiyayi a Meeteetse ta jihar Wayomin ya kawo gawar ɗaya gida, aka bi sawu aka sami ragowarsu. Cuta ta faɗa musu, aka kame 18 da suka saura zuwa 1987, kuma duk waɗanda aka mayar daji daga baya zuriyar bakwai ne daga cikinsu. Babban abokin gabarsu yanzu annobar ɗa'uni ce, wadda ta shiga Amurka ta San Faransisko a 1900, ƙuma kuma ke yaɗa ta a ramuka. Me ake yi? Ma'aikata ne ke bin ramuka dubbai, ɗaya bayan ɗaya, suna busa hodar deltamitirin don a kashe ƙuma. Gubar da aka watsa ba lissafi ta kusa shafe jinsin, wadda aka auna aka sa a muhallinta kuma tana cikin abin da ke riƙe da shi.

Wannan fahimta ce ta komo gidaje a ƙarshen ƙarni na 20, kuma ilmin rayuwar ƙuma ne ya komo da ita. Ƙumar da ake gani a jikin dabba, wadda galibi ƙumar kyanwa ce ko da a kan feret, 'yar kaɗan ce daga cikin jama'arta. Mafi yawa, wajen kashi 95 cikin ɗari, ƙwai ne da tsutsa da masu kwance cikin saƙarsu a darduma da tsagar daɓe da bargo, waɗanda ke cikin saƙa kuwa feshi ba ya ratsa su, suna iya jira watanni. Aka sami methoprene, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 1975, mai hana tsutsa balaga ta hanyar kwaikwayon wani sinadarin da ƙwari ke da shi dabbobi masu shayarwa ba su da shi. A tsakiyar shekarun 1990 aka fito da magungunan ɗigawa a bayan wuya, ɗaya daga cikin waɗanda suka biyo baya kuma, haɗin imidakulofirid da moksidektin da ake sayarwa a Turai da sunan Advocate, an rubuta sunan feret a kwalinsa, yana kashe ƙuma yana kuma tsare shi daga tsutsar zuciya da sauro ke kawowa, wadda ɗaya ko biyu sun isa su halaka zuciya ƙarama irin tasa. Kyankyaso ma aka daina bin sa da famfo, aka koma ɗiga masa guba mai kauri kamar ƙwayar gero a cikin tsaga.

Saboda haka abin da likitocin dabbobi ke gaya wa mai feret a yau ya fi kusa da nasihar dattijon Faris a kan feshin DDT na 1945. A wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi kowane mako, a bi darduma da injin zuƙar ƙura a zubar da abin da ya tara a waje, kada a bar ragowar abincinsa ya kwana yana kiran tururuwa, a toshe tsaga, a sa raga a taga. In larura ta sa sai an yi feshi, a fitar da shi da kejinsa da kwanukansa da bargonsa, kada ya komo sai wuri ya bushe iska ta ratsa. In zafi za a yi wa kuɗin cizo, wanda ake kai ɗaki sama da digiri 50, a tuna feret digiri 30 ma wahala ce gare shi domin ba ya gumi. Abin wuya na ƙuma ba nasa ba ne. Waɗanda kuma suka tsorata da magungunan kanti suka koma ga man itatuwa, suna cewa abin da ya fito daga tsiro ba ya cuta, garin neman gira suke neman rasa ido, gama man wata na'ana'a da Turawan dā ke barbazawa don ƙuma yana lalata hanta, man itacen shayi na Ostireliya ma ya sha kayar da kyanwa da kare.

Wanda ya ga dabbarsa tana dalala ko karkarwa ko tangaɗi bayan an sa magani a gida, ko kuwa ya ga dasashinta ya yi fari bayan kwana uku ko biyar da ajiye gubar ɓera, kada ya tsaya ɗura mata madara ko manja, ya gaggauta kai ta wurin likita, kuma ya riƙo kwalin maganin ko kwalbarsa a hannu. Makarin daikulobos atirofin ne, na gubar ɓera bitamin K na makonni, famitirin kuwa ba shi da makari sai wanka da maganin farfaɗiya, likita kuma ba zai san wanda zai bayar ba sai ya karanta abin da ke rubuce a jikin kwalin.